Bangon Gabas

Siminti ne ya ci bangon gabas, ba ruwan sama ba.
Haka Ma'azu magini ya ce
da ya ƙwanƙwasa da ƙotar gatari,
bangon ya amsa kamar tulun da aka shanye.

Shekara ashirin ke nan
da Kawu Ilu ya dawo daga Libiya
da kuɗi da kyakkyawar niyya
ya sa wa gidan riga mai ruwan toka.
Ƙasa ta yi gumi a ciki,
ta rasa ta inda za ta sha iska.

Yayana Lawali ya bugo daga Yamai:
a rushe, a jera bulo, a buga kwano,
wata biyu an gama.
Na ce, ka tuna ɗakin Inna Tsahara da bazara,
inda randa ke riƙe sanyin asuba har la'asar?
Ya ce layi ba kyau.

Muka fara ɓare simintin kamar ɓawon gyaɗa.
Kwana na huɗu, bisa ƙofar zaure,
sai ga almakashi.
Wani magini da ba wanda ya riƙe sunansa a Birni
ya zana shi da yatsa, laka na ɗanya,
don mai wucewa ya san baduku ke ciki.
Na girma a gidan nan ban taɓa ganinsa ba.
Ma'azu ya ajiye gatari, ya koma aiki da cokali.

Ƙasar da ta zube ba mu zubar ba.
Muka tara ta, muka jiƙa da ruwan tafki,
don ruwa a Damagaram ba a wasa da shi,
yara suka tattake ta da ciyawa,
ta kwana bakwai, ta sake zama tubali.
Amalanke uku kawai muka sayo.
Saura duk ta kakana ce,
ta dai canza wurin zama.

Azara arba'in da ɗaya.
Gara ta ci tara.
Ma'azu ya bi sauran ɗaya-ɗaya, yana sansana,
yana duka, yana saurare,
ya ce waɗannan za su binne mu duka.
Tara na saya, da tsada,
na kuma binne ƙwallon giginya tara
a gonarmu ta hanyar Mirya.
Na san ba ni zan sare su ba.

Ba komai muka ceto ba.
Soron sama ya tafi.
Sabon zankon ya fi tsohon tsini,
suna tsaye kamar jika da kaka a hoto.
Mun huda taga ta arewa, wadda kakana bai yi ba,
mun ɓoye faifan hasken rana a bayan rawani,
indararo yanzu cikin tanki yake zuba.

Ranar makuba unguwa ta cika da warin ɗorawa.
Wata tsohuwa ta tsaya a lungu, ta rufe ido,
ba ta ce da kowa komai ba.

Ma'azu ya ƙirga kuɗinsa sau biyu, ya ce,
Malama Baraka, wannan ba gamawa ba ce.
Duk shekara kafin ruwa, a shafa masa hannu.
Gidan ƙasa kamar tsoho yake,
gaisuwa yake so.

Lawali ya zo da Sallah.
Ƙofar ɗakin Inna ba mu ɗaga ta ba,
ya bugi goshinsa daidai inda Baba ke bugewa.
Ya yi tsaki, ya shiga, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa.

An kira azahar.
An kira la'asar.
Tuwonsa na nan a rufe.